Bindigar da Muke Wankewa Ran Lahadi

Shekarun baya, tun haƙoran bakina duk nawa ne, na koma gidan mahaifina a unguwar Nima da akwati ɗaya da tukwane biyu. Mijina ya rasu, Allah bai ba mu haihuwa ba, danginsa kuwa ina fita takaba suka fara yi mini kallon baƙuwar da ta wuce kwanakinta. Ban jira an nuna mini ƙofa ba. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ban cika talatin ba, mahaifiyata kuma ta daɗe da rasuwa. Gidan haya ne mai ɗakuna barkatai, ga Dagomba, ga Mosi, ga Zabarmawa, kowa da yarensa a ɗaki, in an fito tsakar gida a haɗu a Hausa. Mu ɗakuna biyu na ƙurya muka samu, dab da babbar kwata. Da safe in fita sayar da koko da ƙosai a bakin hanya, da hantsi in dawo in tarar da Baba inda na bar shi.

Baba tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama, ya dawo da igiyar saje. A bariki aikinsa kula da bindigogi. Da aka sallame su an karɓe bindiga, an karɓe komai, sai wani gwangwanin biskit da ya zo da shi gida. A ciki akwai mazurari mai lanƙwasasshen wuya, da 'yar kwalbar mai, da ƙyallaye yankakku daidai wa daida, da doguwar igiya mai guntun tagulla a bakinta. Ina yarinya na taɓa ɗaukar igiyar nan na yi tsalle da ita. Dukan da na sha ranar, ko yanzu in hadari ya haɗu sai bayana ya tuna mini.

Da gwangwanin nan ya yi suna a Zango, unguwanninmu na baƙi. Duk mai bindigar farauta da takardar izini, daga Maamobi har Kawukudi, wurin Saje yake kawo ta. Yakan ce ba harbi ke kashe bindiga ba, abin da harbi ya bari ne. Kowane harsashi in ya fita sai ya bar baƙin albarushi manne a cikin bututu, ga iskar teku mai laima, kwana biyu tsatsa ta kama. Sai a zare ƙarfen baya, a kafa mazurari, a yi ta kwarara tafasasshen ruwa har bututun ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba. Ruwan farko baƙi yake fita, a hankali ya washe. Daga nan a saki tagullar nan ta faɗa ta wancan gefen, a maƙala ƙyalle a tsakiyar igiya, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, wannan ya ja, wancan ya ja. Baba ba ya yarda mutum ɗaya ya ja shi kaɗai, wai igiya takan karkace ta ci bakin bindiga.

Abin da na fi so shi ne dubawar ƙarshe. Baba zai sa farcen babban yatsansa a ƙofar baya ta bututun, ya juya shi wajen rana. Farcen ya ɗauki haske ya jefa ciki, mai dubawa ya leƙa ta gaba. In bututu ya wanku za ka ga wasu layuka suna murɗewa har ƙarshe, suna ƙyalli. Saboda wannan Baba bai taɓa barin farcen nan ya yi datti ba, kullum a goge yake ko da sauran yatsun sun sha gawayi.

Amma lokacin da na dawo gida, abubuwa biyu sun riga sun faru. Na farko, hukuma ta tsaurara kan riƙe bindiga, harsashi ya yi wuya, dajin da ake farauta ta wajen ƙauyen Madina, a bayan gari, kuma gidaje sun fara cinye shi. Masu kawo wanki suka yi ta raguwa. Na biyu, yanar ido ta rufe idanun Baba. Yana gane rana da inuwa, shi ke nan.

Baba mutum ne mai zuciya, ba ya shan tausayi ko da an sa masa sukari. Wani ƙanin mahaifiyata ya taso takanas daga Kawukudi da lemo a ƙunshi, ya zauna yana ta "sannu, Allah ya sawwaƙe". A ta uku Baba ya ce, "Wa ya mutu?" Ya ce babu. Baba ya ce, "To in an mutu a aiko maka." Bawan Allah bai sake takowa ba. Maƙwabta suka ce za su riƙa kai shi babban masallaci ran Juma'a, ya ce ba za a ja shi a titi kamar ragon layya ba. Ya koma ƙirga taku zuwa ɗan masallacin ƙofar gida. Haka ya kori masu zuwa dubiya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba mai sallama a ƙofarmu sai mutum guda.

Wannan mutumin abokinsa ne tun bariki, kofur ne a ƙarƙashinsa, shi ya sa nake ce masa Baba Kofur, mutumin can arewa, Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Gadi yake yi a wata rumfar katako a Kotobabi. Yana da wata tsohuwar bindiga da Baturen da ya taɓa yi wa rakiyar farauta ya bar masa, da takardarta. Kowace Lahadi da hantsi sai ga shi, bindiga naɗe cikin buhu, takarda a aljihun gaba. Shi kam Baba ba ya korarsa, don shi ba dubiya yake zuwa ba, aiki yake kawowa.

Ni ce mai ɗora ruwa, ni ce kuma ido. Baba ya riƙe bindiga, Baba Kofur ya zuba ruwa, sai Baba ya juyo wajena.

"Uwata, yaya ruwan?"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. In ce baƙi ne, ko ya fara washewa. In an gama ja, ya kafa farce, in durƙusa in leƙa, ya ce, "Uwata, me kika gani?" Kada ku raina wannan tambayar. Mako guda cur ba mai ce mini komai sai "zuba mini koko" da "ƙosan nan ya huce". Matan gidan suna da mazajensu da 'ya'yansu, hirarsu ta goyo ce da yaye, ni ba ni da abin sakawa. Ran Lahadi kaɗai dattawa biyu ke yin shiru suna jiran abin da zai fito daga bakina. Har wanka nake yi in ɗaura ɗankwalin kirki saboda wankin bindiga, ku ji fa.

Wata Lahadi bayan ƙaramar salla aka kwarara ruwan farko, sai na ga ya fito garau, ko alwala ka yi da shi. Baba ya ce, "Yaya ruwan?" Na buɗe baki ke nan sai idona ya faɗa cikin na Baba Kofur. Buta na hannunsa, yana girgiza mini kai a hankali, fuskarsa kamar ta wanda aka kama da hannu cikin tukunya.

Na ce, "Baƙi ne, Baba."

Da aka tashi na ce zan taka masa. Muna shan kwana na ce, "Baba Kofur, bindigar nan ba a harba ta ba."

Ya sauke buhun ya jingina da bango. Ya ce, "Yarinya, kai ya gani, ko? Harsashi ya ƙare tun makon jiya. Babu koraa, ko ɗaya. Daji ma ya ƙare. To in ni ya zo hannu banza, Saje zai ce ni ya zo duba makaho. Zai kore ni kamar sauran." Ya share gumi da hularsa. "Kai kada ka faɗa masa. Mutumin nan ba shi da kowa."

Na yi masa alkawari. Na san halin ubana. In ya gane tausayinsa ake ji, ranar zai rufe gwangwanin nan, ya rufe ƙofa, mu zauna ni da shi muna sauraren kwata.

Sai dai ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, tamu ko furen ba ta gama ba ta fara yaushi. Baba yana da ɗabi'ar murza ƙyallen farko tsakanin yatsunsa. Lahadi ta gaba ya murza, ya sake murzawa, ya ce, "Kofur, kwanan nan albarushinka ya yi laushi." Baba Kofur ya hau tari.

A nan ne na kawo dabarar da na daɗe ina yaba wa kaina. Na ce wa Baba Kofur ya riƙa biyowa ta bayan gida, inda murhuna yake, kafin ya yi sallama. In kankaro baƙin gindin tukunyar koko, in haɗa da 'yar toka mai laushi don ya yi gurzi-gurzi a hannu, in ɗiga mai, in naɗa tsumma a tsinken kara in tura cikin bututun. Ku dubi wannan hoto: ga tsohon sojan da ya ƙetare teku ya dawo, ga bazawara mai hankalinta, sun raɓe bayan bango suna ɓata bindiga don a samu abin wankewa. Ruwa ya koma fita baƙi ƙirin, ƙyalle ya koma gurzar yatsa. Na ce a raina, kai, da an sa ni makaranta da ƙasar nan ba ta ishe ni ba.

Baba kuwa ya ɗauki sabuwar al'ada, kullum sai ya tambaya.

"Me ka harbo wannan makon, Kofur?"

"Zomo, Saje."

Mako na gaba gada. Da tafiya ta yi tafiya, Baba Kofur ya saki jiki har ya fara kashe barewa a dajin da ko ɓera sai ya yi sa'a. Baba ya ce, "Naman fa?" Ya ce ya rabar wa maƙwabta. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla da maƙwabta." Ni ina gefe ina cizon leɓe.

Sau ɗaya na kusa makara. Na riga na darje tukwanena ran Asabar da yashi, babu baƙi ko na shafawa a goshi, ga Baba Kofur tsaye yana jira. Sai na ruga na kankaro daga gangar da wata maƙwabciyarmu take bandar kifi. Aka yi wanki lafiya. Mun fi shekara a haka.

Ran nan Lahadi ta zo, Baba Kofur bai zo ba. Baba ya fito da gwangwani, ya jera kayansa a kan buhu, ya goge farcensa a gefen riga. Ruwa ya tafasa ya ƙone, na ƙara. Ya sake ƙonewa, na sake ƙarawa. Duk takun da ya ji a zaure sai ya ɗaga kai. Da aka kira azahar ya tattara kayan da kansa. Ni ma na kwance ɗankwalina na mayar akwati.

Lahadi ta biyu ma haka. A cikin makon ne wata mai sayen ƙosaina da ke zuwa daga Kotobabi ta gaya mini mai gadin rumfar katako yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya takawa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa ɗaya yana Kumasi, masu aikin katako ne ke miƙa masa abinci in sun tuna. Na dawo na faɗa wa Baba. Ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan, har na ji haushinsa.

Ranar Lahadi da safe ina shara sai na ji ƙarar takalmi. Na juya na ga Baba tsaye a ƙofar ɗaki cikin tsohon kakinsa, ya ɗaure takalman soja da ban taɓa ganin ya sa ba tun ina yarinya, gwangwani a hammata.

"Zo ki tsaya gabana," in ji shi.

Na tsaya. Ya ɗora hannu a kafaɗata. Mutumin da ya rantse ba za a ja shi a titi ba. Muka taka har zaure, sai ya tsaya.

"Kin ɗebo baƙin tukunyar?"

Na juyo na dube shi.

Ya ce, "Na tukunyarki nake so, ba na gangar kifin matar nan ba. Ranar da kika sa wancan, wuni na yi ina jin kamar a bakin teku aka ajiye ni."

Na ce, "Baba... tun yaushe?"

"Tun ranar da kika fara yi mini ƙarya. Uwata, rabin rayuwata albarushi na shaƙa. Tururin bindigar da aka harba yana kama maƙogwaro. Ido ne ya tafi, hanci yana nan."

Kunya ta rufe ni, ga dariya, ga hawaye, na rasa wanne zan fara. Na ce to me ya hana shi magana, ya bar mu muna ta wahalar kankare tukwane?

Ya ce, "In na yi magana kunya za ta hana shi dawowa. Ina zai je ran Lahadi? Kada ki kuskura ki gaya masa na sani. Mutumin nan ba shi da kowa."

Na koma na kankaro baƙin tukunya na ƙulle a ƙyalle, na ɗauki buta, muka kama hanya. Muka ratsa Maamobi, ta lungunan da mutum biyu ba sa jerawa, ta gaban masu wake da shinkafa da masu wankin kai. Mutane suna ta fitowa, "A'a, Saje! Yau kai ne a waje?" Yana amsawa da ƙarfi, haɓa a sama, kamar fareti yake dubawa. Ni kaɗai na san yadda yake damƙe kafaɗata, musamman da muka zo tsallake katakon da aka gitta a kan kwata.

Ɗakin Baba Kofur na katako ne, a bayan rumfar, tabarma ɗaya da buta da ƙusar rataye riga. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Da ya ga wanda ke bayana ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Na zaci Baba zai ce sannu. Ina!

"Kofur! Mako biyu bindiga ba wanki? Da a bariki ne da yanzu kana kulle a gadurum."

"Laifina ne, Saje," in ji shi.

Na jawo buhun daga bayan ƙofa na ce bari in karkaɗe shi a waje. Baba Kofur ya ƙifta mini ido, wai kada in manta da aikinmu. Baba kuma ya ɗan matsa kafaɗata kafin ya sake ni, wai kada in manta da namu. Na fita bayan rumfa na tura baƙin tukunya cikin bututu ina kuka, na roƙi wuta wurin wata mai tuya na tafasa ruwa.

Ranar ni na zuba ruwan, ni na kama ɗaya bakin igiyar, don hannun Baba Kofur ba ƙarfi.

"Uwata, yaya ruwan?"

"Baƙi ƙirin, Baba."

Daga kan tabarma Baba Kofur ya ce, "Barewa ne, Saje. Babba paa, ƙato sosai."

Baba ya ce, "Na ji alama."

Da muka gama aka shafa mai, Baba ya sa na juya shi wajen ƙofa inda rana ke shigowa. Ya kafa farcensa. Na durƙusa zan leƙa, ya ce a'a, in miƙa wa mai ita. Na tallafi bakin bindigar na kai wa Baba Kofur dab da idonsa. Ya daɗe yana kallo, ya daɗe ƙwarai, sannan ya ce, "Ya yi, Saje."

Lahadi uku muka ƙara zuwa. Kafin ta huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ɗansa ya zo daga Kumasi, aka yi sadaka, ya miƙa bindigar ga hukuma kamar yadda doka ta ce.

Lahadin da ta biyo baya, da hantsi, Baba ya ce in ɗora ruwa. Ban yi musu ba, na ɗora. Ya buɗe gwangwani, ya shafa mazurarin, ya warware igiyar har ƙarshe ya sake naɗe ta. Ruwa ya yi ta tafasa. Can ya mayar da murfin ya danna.

Ya ce, "Sauke, Uwata. Dama mana koko da shi."

Bai sake buɗe gwangwanin ba har ya bar duniya, shekara biyu bayan nan.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Baba Kofur ya tafi kabari yana ganin Saje bai gane dabararsa ba, Baba ya tafi yana ganin shi ya rufa wa Kofur asiri, kowannensu yana cewa ɗayan ne ba shi da kowa. Ni da na riƙe musu sirrin duka biyu, ba wanda ya taɓa cewa ni ma ba ni da kowa, kuma ni ma ban faɗa ba. Na yi ƙarya a rayuwata, Allah ya yafe mini, amma wannan ce kaɗai in na tuna ba na jin nauyinta.

Abin da ya bar mini shi ne, akwai mutanen da ba za su iya karɓar ziyara ba sai in ta zo da aiki a hannu. Shi ya sa har ƙafafuna suka gaza, in zan je wurin wanda ke zaune shi kaɗai ba na zuwa da sannu. Nakan tafi da wake a tsince mini, ko zare a warware mini, ko tambayar da na riga na san amsarta. Yanzu da aka fara zuwa mini da irin wannan, ina gane su sarai. Jiya ma wata ta kawo mini rigar da na ga alamar da gangan aka tsinke maɓallinta. Na karɓa na ɗinke, na yi mata faɗan rashin kula da kaya.

Gwangwanin yana nan ƙarƙashin gadona, igiyar ta fara rubewa. Ran Lahadi da hantsi in na ji ruwa ya tafasa, har yau sai in tsinci kaina na yi shiru, ina jiran a ce, "Uwata, me kika gani?"